JC-120 ɗin Baba ko in yi oda daga waje: inda aka kwana

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Maganar amfilifayar nan ta fara yi min yawa a ka, gara in dinga rubuta lissafin a wuri ɗaya, ƙila ma wani mai jita da ke cikin irin wannan halin ya ƙaru. Ƙaramin rukuni ne da mu a Kaduna, jita da bes da ganga da mai fiyano, jaz muke yi a otal da liyafar ofisoshi, wani lokacin biki in masu bikin na son abu mai sanyi kafin a fara rawa. Amfilifayar da nake amfani da ita ƴar ƙarama ce mai wat 20, a ɗaki tana da daɗi amma da zarar mai ganga ya ɗan ɗaga hannu sai in ƙara mata murya, in na ƙara kuma sai sautin ya fara tsagewa, shi kuwa jaz in kodin ɗinka, wato igiyoyi biyar da ka kaɗa tare, ya tsage to ba wanda zai ji abin da ka danna.

Akwai wani dattijo a unguwar su mai bes ɗinmu, tsohon ɗan ban ne, wato rukunin makaɗa, ya yi kiɗa a otal-otal ɗin garin nan tun shekarun 1980, yana da Roland JC-120 a ɗaki an lulluɓe da zani. Ya ce zai sayar. Kuɗin da ya faɗa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari tara, kuma ya ce wai ya rage ne don mu ƴaƴansa ne. Dalilinsa: tsohuwar ajiya ce, ƴar Japan ta asali, ba a yin irinta yanzu.

A canjin kwanakin nan, dala tana wajen 1,500 da ɗoriya, kuɗin ya haura dala 1,200 ke nan. Shi ya sa nake tunanin ko in yi odar wata daga waje kawai.

Talata, 14 ga Janairu

Wannan magana ta "ba a yin irinta yanzu" ita na fara bi, kuma gaskiya ba haka ba ne. Roland sun fito da JC-120 a 1975 kuma har yau ba su daina ƙera ta ba, sabuwa dal tana shaguna a Amurka da Turai, farashin da na gani a shagunan Amurka ma bai yi nisa da abin da Baba ke nema ba. An ɗan canza abubuwa a cikinta tsawon shekarun nan, akwai masu rantsuwa cewa koros ɗin tsofaffin, wato abin da ke sa jita ɗaya ta fito kamar biyu ke kaɗawa tare, ya fi zurfi, amma gininta ɗaya ne: lasifika biyu masu inci 12, kowace da nata wat 60, taransisto ce zalla babu bawul ko ɗaya, wato kwalaben gilashin nan irin na tsofaffin rediyo.

Nan ne nake ganin Baba ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. In ka ce Fender Twin Reverb ta tsakiyar shekarun 1960, mai bawul 6L6 guda huɗu da wayarin hannu, wannan kam tsufanta kuɗi ne, don waɗanda ake yi yanzu da sunanta ba ginin ɗaya ba ne kuma masu tara kaya suna fafatawa a kanta. JC-120 kuwa an yi ta da yawan gaske, a Japan kusan duk ɗakin rehasal ɗin da ka shiga za ka tarar da ita a kusurwa, ba abu ne mai wuyar samu ba. Tsufanta bai ƙara mata kuɗi, sai dai ya ƙara mata abin gyara.

Wani abin kuma, duk da sunanta Jazz Chorus, sautin jaz ɗin da yawancinmu muka tashi muna ji ba daga ita ya fito ba. Shahararren mai jitar jaz Wes Montgomery ya rasu a 1968, shekara bakwai kafin a yi ta. Joe Pass da Jim Hall da Herb Ellis, su ma masu jitar jaz, amfilifayar Polytone aka fi sanin su da ita, ƴar ƙaramar akwatin nan Mini-Brute da Tommy Gumina, wanda shi kansa mai kiɗan akodiyon ne, ya dinga ƙerawa a Kalifoniya. Ita JC ta fi shahara a hannun irin su Andy Summers, mai jitar rukunin rok ɗin nan The Police. Amma ni abin da nake nema shi ne sauti mai tsabta da ba ya tsagewa komai ƙarar ganga, kuma a wannan fannin ba na jin akwai mai musu a kanta.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na je da jitata na gwada. Baba ya sa jikansa ya tura ta tsakar gida, tayoyin ƙasan guda ɗaya ya karye don haka jan ta ake yi tana karkata. Fatar jikin ta ɗaɗe a kusurwoyi amma ƙusoshin nan na gefe duk suna nan. Abu na farko da na duba bayanta ne, farantin da aka rubuta wutar da take ci: 240. Wato ƴar kasuwar Ingila ce, kai tsaye za ta shiga soket ɗinmu. Na ji daɗin wannan sosai.

Da aka kunna sai ga wannan "sssss" ɗin da aka san JC da shi, wannan ba laifi ba ne, halinta ne. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani gurnani mai kauri da ba ya tafiya ko ka rufe murya gaba ɗaya, kuma maɓallin ƙarar layi na biyu in ka murɗa shi sai ƙarar-ƙarar. Na rage tirebul kusan ƙasa, na ɗaga na tsakiya, na koma fikof ɗin wuya, wato abin ɗaukar sautin igiyoyi da ke kusa da wuyan jitar, na rufe ton ɗin jitar rabi, na danna kodin guda ɗaya na bar shi.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kowace igiya na jin ta daban, bes ɗin bai cushe ba, na sama bai soka kunne ba, na ƙara murya har matar maƙwabci ta leƙo ta katanga sautin bai ko motsa ba. Sai na kunna koros. Wanda bai taɓa tsayawa gaban JC ba ba zai gane ba, don ba a cikin waya ake haɗa shi ba, lasifika ɗaya ce ke ba da sautinka yadda yake, ɗayar kuma tana ɗan karkaɗa shi sama da ƙasa, a iska suke haɗuwa kafin su iso kunnenka. Ba fedal ɗin da ke yin wannan ta lasifika guda. Distoshon ɗinta kuwa, mai tsaga sauti da gangan, na taɓa na kashe nan take, wannan kowa ya san ba don shi ake sayenta ba.

Baba yana zaune a kujera yana kallona, ya ce "Yaro, ka ji ko? A 1984 na saye ta hannun wani ban da suka watse, lokacin naira ta fi dala." Na ce na ji Baba, amma lasifikar hagu kamar ba ta kai ta dama haske ba. Ya ce kunnena ne. Ban ja ba.

Talata, 28 ga Janairu

Lissafin oda. Wannan ne ya fi cin lokaci don kowa da abin da zai gaya maka, sai ka tambayi mutum sau biyu kafin ya faɗi kuɗin da ya ɓoye a farkon.

Na tsaya kan Ingila saboda wutarsu irin tamu ce kuma ina da aboki a Manchesta da zai iya karɓa. Waɗanda na gani na hannu a shafukan ciniki na intanet Reverb da eBay yawanci tsakanin fam 500 ne da 650, kuma kusan duka sun rubuta sai dai ka zo ka ɗauka da kanka, ba mai son ya naɗe abu mai nauyin nan ya kai gidan waya. To a ce fam 550. Abokina zai ɗauki mota ya je wani gari, mai da wahala a ce fam 40, kuma shi ba mai jita ba ne, iyakarsa ya ga fitila ta kama.

Sai nauyi. Ita kanta wajen kilo 28 ce da ɗan kai, faɗinta santimita 76, tsayi 62, kauri 28. Masu kago na jirgin sama ba nauyin sikeli kawai suke dubawa ba, suna auna kwalin su ninka tsawo da faɗi da kauri su raba da 6,000, wasu da 5,000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da na sikeli shi za ka biya. In aka naɗe ta da soso yadda ya kamata kwalin zai kai kamar 85 da 72 da 40, ka ga kilo 41 ke nan a lissafin mai sauƙin, kusan 49 a ɗayan. Mai kagon da na yi magana da shi ya ce fam 5 da rabi kowane kilo zuwa Legas, da kuɗin takarda, da kuɗin kwali, muka tashi wajen fam 270. Jimla fam 860. A canjin fam na wajen 1,900 an wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, kuma kayan ba su fito daga filin jirgi ba tukuna.

Kuɗin fito kuma ba a kan farashin kayan kawai ake lissafa shi ba, ana haɗa farashi da kuɗin jigila da inshora sannan a ɗora, a kan wannan kuma a ɗora harajin VAT kashi 7.5. Mai kagon ya ce abu mai girman nan ba ya shiga cikin kuɗin kilo, ejan ɗinsa zai faɗi nasa in kaya sun sauka. Ban son wannan kalma ta "in sun sauka", don lokacin ba ka da bakin ciniki. Sannan daga Legas zuwa Kaduna a bayan mota, titi ya yi ta jijjiga sifirin ɗin eko da tsofaffin sodar da ke kan allo.

In komai ya tafi lafiya ina ganin miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Bambancin da ke tsakaninsa da kuɗin Baba bai wuce dubu ɗari ba, kuma a kan amfilifayar da ban taɓa jin muryarta ba, wadda in ta iso da tsagaggen kwanon lasifika ba wanda zan kama. Ba a cinikin biri a sama.

Ta ruwa ya fi araha sosai, an ce min kusan rabi a kuɗin jigila, amma sai kwantena ta cika sannan ta taso, wata biyu ko uku, ga danshin teku a kan takardar lasifika.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mai fiyanonmu ya turo min wasu daga Japan, kuma gaskiya arahar ta ɗauki ido, wasu ba su kai rabin na Ingila ba. Amma wutar Japan 100 ce, ta Amurka 120, tamu 230. Dole sai da taransifomar rage wuta, ƙarin kaya mai nauyi da zan dinga ja duk inda za mu. Ba nauyin ne ya dame ni ba ma. A wurin biki yaran da ke haɗa kaya ba sa tambaya, suna ganin fulogi za su nemi adafta su cusa a soket, daƙiƙa ɗaya ta isa. Na ga an yi wa kibod ɗin wani haka a gabana, hayaƙi kawai muka gani. Na cire Japan da Amurka daga lissafi.

Polytone ma na cire ta duk da raina na so, don ita matafiyi zai iya riƙo ta a kaya. Kamfanin ya rufe, mai shi ya rasu a 2013, yawancin na kasuwa wutar Amurka ce, in ta lalace a Kaduna ban san wanda ya taɓa buɗe irinta ba. JC kuwa masu gyaran kayan coci sun san ta, ƴan Agadas masu jita a biki ma suna ji da ita, ba baƙuwa ba ce a wannan yankin.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Baba ya yarda a buɗe ta da sharaɗin a gabansa za a yi, don haka na ɗauko mai gyaran da ke yi mana aikin miksa na kai shi gidan. Wannan shi ne abu mafi amfani da na yi tun da na fara wannan magana, kuma shi ne abin da ba zan taɓa samu ba in da oda na yi.

Da ya zaro shasin sai ga ƙurar shekaru ta yi kauri kan allo har ba a ganin launin rizisto, a kusurwar akwatin kuma ga tsohon gidan zanzaro ya bushe. Ya kaɗe da burushi ya haska tocila. Manyan kafasito biyu na ɓangaren wuta ɗaya ya kumbura a kai, ɗayan ya zubo wani abu ruwan ƙasa ya bushe a gindinsa. Ya ce "Oga, ga gurnaninka nan." Waɗannan kafasito akwai ruwa a cikinsu, shekara arba'in da zafin garin nan dole su bushe, in suka bushe sai su daina tace wuta, sai ka dinga jin motsin wutar gida a lasifika. Ba babban aiki ba ne amma ba na tsallakewa ba ne, in ɗaya ya fashe yana iya tafiya da taransiston fita.

Taransifomar ta asali ce, ba a taɓa sake naɗa ta ba, ba ƙaurin ƙuna. Taransiston fita na ɓangare ɗaya an taɓa canzawa, sodar ta nuna, amma ya auna ya ce aikin mai hankali ne. Sai ya nuna min wani ɗan ƙaramin cif mai ƙafa takwas, MN3007, shi ne zuciyar koros ɗin, na Panasonic ne kuma sun daɗe da daina yin sa, na kasuwa yanzu ko sabon bugu ne na wani kamfani ko kuma jabu da aka goge aka sake rubutawa. Nata na asali ne kuma yana aiki. Na ji sanyi a raina.

Sai lasifika. Ta dama ta Roland ce, da farin murfin nan na ƙarfe a tsakiya. Ta hagu daga gaba ita ma da farin murfi, amma da muka leƙa ta baya maganaɗisunta ƙarami ne, firam ɗin ma daban, ba tambarin komai, murfin manna shi aka yi da gam. Mai gyara bai ce komai ba, ya dai juya tocilar ya haska wa Baba. Baba ya daɗe yana kallo sannan ya ce a shekarun 1990 ya taɓa ba wani aro aka yi taro da ita, da aka dawo da ita an ce an kai ta gyara, bai taɓa buɗewa ba. Na yarda da shi, fuskarsa ta nuna bai sani ba, kuma na ga abin ya taɓa shi fiye da maganar kuɗin.

Kiyasin mai gyara: kafasito duka manya da ƙanana, wanke maɓallai da canza guda biyu, taya, sabuwar wayar wuta mai ƙafar ƙasa, da aikinsa, wajen dubu ɗari da ashirin. Lasifika daban.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ciniki. Na je da mai bes don shi ya haɗa mu, muka gaisa muka sha ruwa, sannan na ajiye wa Baba takardar lissafina duka biyun, na oda da na gyara, ban ɓoye masa cewa odar ma ba araha ba ce. Na ce Baba ni ba tsufanta zan biya ba don ana yin sabuwarta har gobe, abin da zan biya shi ne tana nan, na ji ta da kunnena, an buɗe ta na ga cikinta, kuma wutarmu take ci. Wannan yana da daraja kuma ban raina shi ba. Amma lasifika ɗaya ba tata ba ce, gyara kuma yana jirana. Na taya miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

Ya ce albarka. Ya ce wani fasto ya taɓa taya ta fiye da haka bara. Mai bes ya ce Baba bara ba a san da maganar lasifika ba. Aka yi shiru. Ya sauko miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, na ce zan yi shawara, muka tashi lafiya har ya rako mu ƙofa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Abokina na Manchesta zai zo da Sallah, ya ce me zai hana ya riƙo min JC-40 a kayansa. Ita Roland sun fito da ita a 2015, wat 40, lasifika biyu masu inci 10, nauyinta bai kai kilo 16 ba don haka ko da kwali za ta shiga cikin kilo 23 ɗin da jirage ke bayarwa, JC-120 kuwa in aka naɗe ta ta wuce 32 ɗin da shi ne iyakar akwati guda. Shawara ce mai kyau, kuma duk wanda kiɗansa a ƙaramin ɗaki ne ko kullum akwai makirfo a gaban amfilifayarsa ita zan ce ya saya ya huta da ciwon baya. Mu kam rabin wuraren da muke zuwa a fili ne a bakin ruwan wanka ko a lambu, miksar wurin ta mai magana ce kawai, dole amfilifayar ta ɗauki kanta. Inci 12 guda biyu nake so.

Lahadi, 9 ga Maris

Baba ne ya kira da kansa ana saura kwana ɗaya a ɗauki azumi. Mun tsaya a miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin, na ba da dubu ɗari tara, ragowar bayan Sallah in aiki ya buɗe. Har yanzu ina ganin ya fi abin da za a saye ta a Ingila nesa ba kusa ba, amma ni ba a Ingila nake ba, in na haɗa da gyara ina ƙasa da kuɗin oda da wajen dubu ɗari uku kuma na san abin da na saya. Ya haɗa min da tsohon futsuwic ɗinta, makunnin da ake takawa da ƙafa, da ya tono a cikin akwati, ya ce in mun gyara in zo in kaɗa masa.

Tana shagon mai gyara yanzu. Ƙananan kafasito ya samu a nan, manyan biyun ya ƙi sa na kasuwa don ya ce yawancinsu abin da aka rubuta a jiki ba shi ne a ciki ba, don haka su abokina zai riƙo, ba su da nauyi. An wanke maɓallan, ƙarar-ƙarar ɗin ta tafi, an sa taya. Na kuma sayi sitabilaiza don ba zan dinga haɗa ta da janareton wurin biki kai tsaye ba.

Abin da ya rage lasifikar hagu. Zaɓi biyu ne: in nemi ta Roland ta asali ta hannu guda ɗaya abokina ya saka a kaya, ko in canza duka biyun da sababbi iri ɗaya in ajiye ta asalin. Mai gyara ya fi son na biyun saboda za su yi daidai da juna, ni kuma ina tsoron sautin da na ji a tsakar gidan Baba ya canza, don rabinsa daga ta daman nan ya fito. Na sa abokina ya fara duba ta asalin, in ba a samu mai lafiyayyen kwano ba kafin ya taso to za mu yi wasannin Sallah da ta hagun yadda take, in sa makirfo a ta dama in wurin yana da miksa.